Zuwa ga Yaya, daga Birmingham

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna, da iyalinka baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara kunno kai. Na tura kuɗin wannan watan, don Allah a fara cire na maganin Inna.

An ce da Inna ta ga hoton da na aiko sai ta tambaya ko jari-bola na koma yi a Ingila. Ka kwantar mata da hankali. Kwalayen nan babur ne, BSA Bantam samfurin D7, mai 175cc. Wani tsohon Bature maƙwabcina ne ya kwance shi tun da daɗewa da niyyar gyarawa, tsufa ya riske shi, ya sallama mini da araha. Firam na jingine a bango, injin a cikin bokiti, notina kuwa a gwangwanin biskit, duk tsatsa ta cinye su.

Kamfanin da ya ƙera shi a nan Small Heath yake da, kan Armoury Road, ba nisa da Coventry Road inda nake sayen nama. Da bindiga suka fara a 1861, daga baya suka shiga babura, har a shekarun 1950 babu wanda ya kai su a duniya. Sai Honda da 'yan'uwansa na Japan suka zo, zuwa 1973 kamfanin ya durƙushe. Abin dariya, wannan Bantam da suke alfahari da shi zanen Jamus ne, na kamfanin babura DKW, wanda aka karɓo a matsayin diyya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1948 zuwa 1971 aka yi ta ƙera shi. In na faɗa wa tsohon haka sai ya haɗe rai.

Da kana nan da ka sha mamaki. Giya a ƙafar dama take, birkin baya a hagu. Sifanonin da muka saba da su, 10 da 12 da 14, babu wanda ya kama noti ko ɗaya, domin awonsu na daban ne, Whitworth suke ce masa, sai da na nemo tsofaffin sifanoni a kasuwar gwanjon kayan babura ta Stafford. Injin kuwa irin na Vespa ne, fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Da na raba shi biyu na tarar robobin da ke toshe gefen kiranshaf sun bushe ƙamas, ina taɓa su da sukundireba suka marmashe. Kai ka koya mini cewa irin wannan injin in yana shan iska ta nan, ko ka kwana kana buga kik ba zai tashi daidai ba. Su na fara canzawa, sannan ringi da gaskit.

Inda muke samun saɓani da tsohon shi ne kafireta. Tasa Amal ce, ta sha jiki. Na ce a ɗaura wata sabuwa kawai, kamar yadda za mu yi a gareji in mai babur na tsaye yana jira. Ya ce sam, ko noti ɗaya ba na asali ba yana rage darajar babur. Su ba neman abinci suke da shi ba, shi ya sa suke da wannan haƙurin. Amma ranar da na yanka gaskit da kwalin takarda, ina bubbuga gefensa da ƙaramar guduma yadda kake yi, tsohon ya kira abokansa biyu su zo su gani.

Saura takardu. Babur ɗin ba shi da ko ɗaya, don haka ƙungiyar masu BSA ce za ta duba lambar firam ta tabbatar da shekararsa, sannan hukumar rajistar ababen hawa ta DVLA da ke Swansea ta ba shi lamba. Tunda ya haura shekara 40, in an yi masa rajistar tsohon abin hawa ba a biyan harajin hanya.

Akwai ɗan tsagu a ƙasan tankin. Walda a nan tsada gare ta, kuma ina tsoron wuta kusa da inda fetur ya taɓa zama. Ka turo mini saƙon murya yadda kuke wanke tanki kafin a kai wa mai walda.

A gaida Inna da Gwaggo, da yaran gareji duka.

Ƙaninka.