Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Aka Kwana Kan Daftarin Dokar Tarbiyya a Makarantun Gwamnati

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamitin zartarwa a bana shi ne daftarin dokar koyar da tarbiyya, wanda kuka ɗora mana a babban taron bara.

Sashe na 23 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ɗabi'un ƙasa guda bakwai: da'a, riƙon amana, mutunta aiki, adalci tsakanin al'umma, haƙuri da addinin juna, dogaro da kai, da kishin ƙasa. Sai dai sashen yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu sauraron ƙara a kansa, don haka makarantar da ta yi biris da shi babu mai tuhumarta. Manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa, kuwa sauyawa take yi. An taɓa cusa darussan addini da na zamantakewa a ƙarƙashin fanni ɗaya, aka yi ta ce-ce-ku-ce, a 2017 aka ba da umarnin raba su. Shi ya sa muka nufi majalisar dokokin jiha, tunda jihohi na da hurumin yin doka kan ilimi.

Ziyarar da rassanmu suka kai makarantu ce ta gyara mana daftarin. Darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa akan jingina shi ga duk malamin da jadawalinsa ke da sarari, ko fanninsa ne ko ba nasa ba. Allo ya cika da rubutu, yara su kwafa, su haddace. Ranar jarrabawa sai ka ga yaro yana leƙen takardar na kusa da shi don ya amsa tambaya kan ma'anar gaskiya.

Saboda haka muka aro tsarin jihar Alabama ta Amurka, wadda dokarta ta 1995 ta wajabta aƙalla minti 10 na koyar da tarbiyya kullum a makarantu. Amma mun hana a yi su a filin taron safe, domin sanarwa da horon masu latti kan cinye lokacin. Malamin aji ne zai yi su a ajinsa kafin darasin farko. Maki kuma daga rajista za a ɗauko shi: zuwa kan lokaci, shara, kula da benci da littafi, a rubuta a katin sakamako kowane zango. Kuɗin horar da malamai dole a ware masa gurbi a kasafin SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, in ba haka ba dokar a takarda za ta ƙare.

Har yanzu ba mu samu ɗan majalisar da zai gabatar da ƙudirin ba. In an samu, sai karatu na ɗaya da na biyu, zaman jin ra'ayin jama'a a gaban kwamiti, karatu na uku, sannan gwamna na da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Kowane reshe ya nemi ganawa da wakilin mazaɓarsa, ya turo wa sakatare amsarsa a rubuce kafin zaman kwamiti mai zuwa.