Godiya ga wani ofishin sayar da tikitin jirgi a kan titin Ahmadu Bello Way, Kaduna

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in yaba wa ma'aikatan wannan ɗan ofishi a bainar jama'a, musamman baiwar Allahn da ke zaune a teburin bakin ƙofa.

Ƙanwata ce ta haihu a Chake Chake, babban garin tsibirin Pemba na ƙasar Tanzaniya, inda mijinta yake koyarwa. Hajiyarmu ta ce atafau sai an yi suna da ita. Kai ta Zanzibar ba shi ne matsala ba: jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja, sannan jirgin saman Ethiopian ta Addis Ababa. Ragowar tafiyar, daga Zanzibar zuwa Pemba, ita ta sa na sha yawo a garin nan. Wani ya ce bai taɓa jin wurin ba. Wani ya ce in fara biyan kuɗin bincike. Wanda ya fi ba ni tsoro har ya buga mini farashi, ashe Pemba ta Mozambik ya samo, wata ƙasa daban! Da na biya, da yanzu wani labarin ake.

Ita kuwa da na faɗa mata, tambayar farko da ta yi ita ce: "Alhaji, wacce Pembar? PMA ko POL?" Wato lambar filin jirgin Pembar Tanzaniya ko ta Mozambik. Nan hankalina ya kwanta. Ta juyo da fuskar kwamfuta ta nuna mini taswira. Tsakanin filin jirgin Abeid Amani Karume na Zanzibar da na Pemba kimanin kilomita 125 ne, bai ma kai Kaduna zuwa Abuja ba, kuma minti 30 ne a sama. Akwai jirgin ruwa zuwa Mkoani da ke Pemba, amma awanni yake ci, ta ce kada mu ɗora wa tsohuwa mai ciwon gwiwa wannan wahalar. Ta kuma tuna mini cewa agogonsu ya wuce namu da awa 2, kuma a haɗa da katin rigakafin shawara.

Sai batun kaya, wanda ni ko a mafarki ban kawo ba. Jirgin ƙarami ne, mai farfela ɗaya, fasinjansa ba su wuce goma sha wani abu, don haka nauyin da ake ba mutum bai kai na babban jirgi ba. Ta ce a ajiye akwati a zuba a jaka mai laushi. Da Hajiya ta zo, ta durƙusa ta gaishe ta, ta jawo sikeli, suka zauna a ƙasa suna tantance kuka, daddawa, yajin jego da zannuwa. "Mama, kanumfarin nan ki bar shi, can gidansa za ki," in ji ta. Hajiya ta yi dariya har da ƙwalla.

Ta isa lafiya, suna saura kwana biyu.

Abin takaici, irin wannan ya zama abin mamaki a ofisoshinmu. Ka shiga da kuɗinka, a dube ka shekeke, ma'aikaci na danna waya yana amsa maka da ka. In tafiyarka ba Jidda ko Dubai ba ce, ka zama mai damu. Tikiti na fita, lambarsu ta daina shiga. Ita wannan har saƙo ta turo tana tambaya ko Mama ta sauka.

Allah ya yi mata albarka, ya ƙara wa ofishin kasuwa.

Naku,
Wani mazaunin Tudun Wada, Kaduna