Wasiƙa daga Gadarif ta Sudan zuwa Jidda

Zuwa ga aminina Malam Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai cewa shafuka goma sha ɗaya na labarin da kake rubutawa, waɗanda ka aiko, sun iso, kuma na karanta su sau biyu: karo na farko a waya, karo na biyu bayan na kwafe su da hannuna a littafin rubutu, domin in ji inda alƙalami zai yi tuntuɓe. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Kakar riɗi ce ta riƙe ni a gona, ga kuma wutar lantarki da sai ta ga dama take zuwa, har ya zama cajin waya a shagon mai sola ya shiga lissafin cefane.

Ka tambaye ni ko ka ci gaba ko ka haƙura. Ka ci gaba, amma tunda ka nemi in faɗa maka gaskiya, zan fara da ƙaramin gyara kafin babba.

Ni da kai Hausa muka sha a nono, amma da Larabci muka yi karatu tun daga allo har makarantar gwamnati, shi ya sa hannunmu ya saba da rubutun da ba ya damuwa da gajerun wasula, kuma wannan sabon ya biyo ka cikin boko. A shafi na uku ka rubuta cewa "baki sun cika gidan", alhali baƙi kake nufi. A wani wurin kuma ƙasa ta koma kasa, sai mai karatu ya rasa ko ƙasar haihuwa ake zance ko macijiya. Ka shiga saitin wayarka ka ƙara Hausa cikin harsunan rubutu, za ka sami ƙ da ɗ da ɓ. Ka kuma riƙe cewa yana da suna da gidansu a haɗe ake rubuta su, ya ce da ta zo kuwa a rabe. Idan wani alhaji daga Kano zai zo Umara, ka roƙe shi ya taho maka da ƙamusun da Jami'ar Bayero ta fitar a 2006. Wannan duk aikin wata guda ne ga mai naci.

Babban abin da ya dame ni shi ne yadda ka yi da bakin kakarka, Allah ya jiƙanta. Na zauna a gabanta shekara da shekaru a Maiurno, kuma ban taɓa jin ta ce "amma" ba. Lakin take cewa, ta bi shi da ya'ani, sannan ta kawo wani karin magana na Sakkwatanci da ko a rediyo ba a jin irinsa yanzu. A labarinka kuwa ka sa ta tana magana kamar mai karanta labaran duniya na ƙarfe takwas. Na san dalili, domin ni ma na yi wannan kunyar: muna tsoron kada mutanen Kano da Zariya su ce Hausarmu ta gurɓace. To, ka tuna cewa wannan Hausar tana da tarihinta. Bayan yaƙin Burmi a 1903 mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba da yin gabas tare da ɗansa Mai Wurno, har suka kafa garin Maiurno da ke ɗauke da sunansa a bakin kogi kusa da Sinnar. Wasu kuma niyyar hajji ce ta fito da su a ƙafa ta Barno da Wadai da Fashir, guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga a Jazira bayan an kammala madatsar Sinnar a 1925, da nufin su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin, sai shekara ta zama goma, goma ta zama jikoki. Harshen da ya yi wannan tafiyar dole ya ɗauko ƙurar hanya, kuma ƙurar ita ce abin da marubucin Kano ba shi da shi.

Shawarata ita ce, kai mai ba da labari ka yi amfani da daidaitacciyar Hausa domin kowa ya bi ka, amma idan mutanenka suka buɗe baki ka bar su su yi magana yadda ka ji su. Kada ka tsaya fassara kowace kalma. Idan tsohuwa ta ce wa yaro ya miƙo mata jabana, kuma a jimla ta gaba ƙamshin gahawa ya tashi, mai karatu ya gane. Wurin da na fi so a cikin shafukanka shi ne inda mai agashe yake barbaɗa yaji da yatsu uku yana ƙidaya canji da ɗaya hannun, domin nan kaɗai ka manta da tsoron masu gyara ka rubuta abin da idonka ya gani.

Game da rashin lokaci da ka yi kuka da shi, na yarda cewa wanda yake tsaye a shago daga la'asar har tsakar dare ba zai iya rubutu da daddare ba. Ka gwada bayan sallar asuba, ko da rabin shafi ne, kafin ka buɗe saƙonnin waya. Duk abin da ka rubuta kuma kada ya kwana a wuri ɗaya. Bara wayata ta salwanta a tasha, ta tafi da shafuka arba'in da ban kwafe ko'ina ba, har yau ban iya sake rubuta su yadda suke ba. Da layukan sadarwa suka ɗauke a watan Fabrairun 2024 kuwa, littafin nan na takarda shi kaɗai ya rage mini.

Batun kuɗi kada ka sa rai da shi yanzu, kuma kada ka biya kowa domin ya yaba maka. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ka kula da abin da kake fitarwa a ƙasar da kake zaune, inda dokar laifukan intanet ta 2007 take aiki a kan baƙo da ɗan ƙasa. Idan za ka ba da labarin mutanenmu da aka rushe musu unguwanni irin su Karantina, ka sauya sunaye da kamanni, musamman na waɗanda igamarsu, wato takardar izinin zama, ba ta cika ba, kada alƙalaminka ya jawo wa wani kamu.

A makarantar da ke bayan gidanmu akwai wata dattijuwa cikin waɗanda yaƙi ya koro daga garin Madani a watan Disambar 2023, wadda ta ce ta san kakarka tun suna 'yan mata, kuma tana iya jero zangon da iyayenta suka yada tun daga Hadeja. Na fara ɗaukar muryarta, zan turo maka idan layi ya yi ƙarfi. Kai kuma ka sake rubuta babin rasuwar kakanka da bakin Hajiya kakarka na gaskiya, ka aiko mini kafin azumi.

Ka gaishe da Maman Aisha da yara, ka kuma sa mu cikin addu'a idan ka shiga Harami.

Naka amini,
Usman