Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kafin Zamansa Da Manajoji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya, saƙonka ya iso gare ni. Na fahimci manajojinku na Legas sun sa ranar da za su zauna da kai ta Zoom saboda ayyukan da kake yi musu daga gida, waɗanda suka makara a hannunka, kuma tun da aka sanar da kai hankalinka bai kwanta ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin na san ƙwazonka tun muna makaranta.

Abin da na fi ji maka tsoro shi ne kunya da kara. Idan suka tambaye ka me yake faruwa, bakinka zai so ya ce babu komai, za ka gyara. Wannan tarbiyya ce mai kyau a gaban iyaye, amma manajan da bai taɓa ganin inda kake aiki ba zai ɗauka ba ka da wani dalili, ya rubuta maka sakaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma in ba ka nuna musu ba, babu mai nuna musu.

Saboda haka ka zauna tun yanzu ka rubuta kowane aikin da ya makara, da ranar da ya kamata ka miƙa shi, da abin da ya hana, da ƙoƙarin da ka yi. Matsalar wuta da intanet ba sai ka tsawaita a kanta ba, tunda su ma a ƙasar suke. Sun san yadda kuɗin fetur na janareta ya ninka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, sun san ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data da aka amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Abin da watakila suka manta shi ne halin Arewa, inda a Oktoban 2024 jihohi da dama, har da Kano, suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Ka faɗa musu nawa kake kashewa a wata kan mai da data, a taƙaice, ba da muryar ƙorafi ba.

Wanda ya fi wahalar faɗa shi ne na cikin gida. A wurinmu duk wanda aka gani a gida ana ɗauka ba shi da abin yi, don haka a aike shi, a turo masa baƙi, a kira shi ɗaurin aure ko ta'aziyya, shi kuma ba ya iya cewa a'a. Ga kaɗaicin da ka ambata, na wuni gaban kwamfuta ba tare da abokin aikin da za ka yi wa tambaya ba. Ka faɗi iya abin da ya shafi aiki, sirrin gidanka kuwa ka bar shi a gida.

Kada ka shiga zaman ba tare da buƙata a hannu ba. Ka nemi a tsayar maka da sa'o'in aiki sanannu, a taimaka da alawus na data ko kuɗin sola, ko a biya maka wurin aiki na haya kwana biyu a mako, sannan ka ba su wata guda su sake duba aikinka. Ka bar su su gama magana ko da ta yi zafi, kuma idan suka ce aikinka ya ja baya, ka roƙi misali takamaimai. In aka kawo takardar gargaɗi ko batun rage albashi, kada ka amince nan take. Ka nemi lokaci ka karanta, ka gwada ta da takardar ɗaukarka aiki. Da an tashi, ka tura musu imel mai ɗauke da abin da aka cim ma.

Ranar zaman ka cika cajin kwamfuta da waya, ka tanadi layi na biyu, ka sanar da mutanen gida. Ka kira ni a daren da za a yi zaman washegari mu bi maganar tare. Allah Ya ba ka sa'a, Ya sanya tausayi a zukatansu. Ka gaishe mini da su Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka amini.