Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin Da Ke Ba Jami'armu Intanet A Legas

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ma'aikaci ne a sashen fasahar sadarwa na ɗaya daga cikin jami'o'in Legas, wadda kamfaninku ke ba wa intanet. Ban kama sunanku ba, ban kuma kama sunan makarantarmu ba, domin gyara nake nema, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Takardar ƙorafi ta hukuma ta riga ta isa ofishinku. Wannan kuwa na rubuta ta da Hausa, a bainar jama'a, saboda iyayen yara na Agege da Mile 12 da Alaba Rago da Idi-Araba, waɗanda suka yi ta tare ni suna tambayar abin da ya cinye kuɗin rajistar 'ya'yansu. Suna da hakkin su ji yadda abin ya faru.

Yallaɓai, aikin sashe irin namu tsari ne kafin komai. Kowace Litinin muna zama, kowa ya faɗi inda ya kwana: mai kula da sabobi (manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafuka da bayanan jami'a), mai kula da wayoyi, masu shafin rajista, da masu karɓar koken ɗalibai. Da zarar majalisar jami'a ta fitar da jadawalin zango, sai mu shata ranakun da ba a taɓa komai a cikinsu, wato makon rajista, makon jarrabawar kwamfuta, da lokacin ɗora sakamako. A waɗannan ranaku ko sabunta manhaja ba ma yi, komai ƙanƙantarsa. Ko da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ba mu yi gaggawar sauya kwamfutocin ɗakin jarrabawa ba. Mun bi su ɗaki ɗaki lokacin hutu, muka ware tsofaffin da ba za su ɗauki Windows 11 ba, muka sa su a kasafin kuɗi. Haka muke aiki, kuma wannan jadawali mun aiko muku da shi tun kafin a buɗe makaranta. Wakilinku ya karɓa, ya sa hannu.

A zaman da muka yi da wakilin naku ne aka yi ittifaƙi cewa za ku sauya na'urarku da ke ɗakin sabobinmu a cikin hutu, da dare. Hutu ya zo ya wuce ba mu ga kowa ba. Sai ga injiniyoyinku a tsakiyar makon rajista, da rana tsaka, ba takarda, ba imel, ba ko kiran waya. Suka cire tsohuwar na'ura suka ɗora sabuwa, suka ga fitila ta yi kore, suka kama hanya.

Abin da ba su faɗa wa kowa ba shi ne sun canza mana adireshin intanet, lambobin nan da duniya ke gane sabarmu da su. A nan ɓarnar take, kuma ina so iyaye su fahimce ta. Idan ɗalibi ya biya kuɗin makaranta a banki ko ta wayarsa, kuɗin ba sa shigowa kwamfutarmu. Kamfanin da ke karɓar kuɗin shi ke aiko da saƙo zuwa sabar jami'a cewa wane ya biya, sannan shafin rajista ya buɗe masa ya zaɓi kwasa-kwasansa. Saboda tsaro, ɓangarorin biyu ba sa sauraron kowa sai adireshin da aka yi wa rajista tun farko. Da kuka canza namu, sai saƙonnin suka riƙa tafiya inda babu kowa, namu kuma aka riƙa ƙin karɓarsu a can. Kuɗi sun fita daga asusun uba, banki ya turo masa shaida, amma shafi yana cewa yaro bai biya ba. Gyaran wannan ba aikin minti biyar ba ne, sai an rubuta wa kamfanin kuɗi, sun tantance, sun shigar da sabon adireshi. Da kun ba mu labari mako guda kafin nan, da mun gama duk wannan a natse ba wanda ya sani.

Ka duba halin da mutane suka shiga. Akwai uban da ke sayar da tumatir da tattasai a Mile 12, wanda ya tara kuɗin nan da ƙyar, ya bar rumfarsa ya shiga cunkoson motoci ya zo makaranta da rasit a hannu, yana zaton ɗansa ya ci kuɗin ne. Akwai waɗanda tsoron tarar makara ya sa suka sake biya karo na biyu, yanzu suna zirga-zirga ofishin kuɗi neman a mayar musu. Akwai yaran da suka rasa gurbin ɗakin kwana domin ba a ba wanda bai gama rajista ba, kuma kowa ya san abin da hayar ɗaki take nufi a Legas. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai, domin ko an gyara shafi gurbin ba zai dawo ba. Zagin kuwa kanmu ya sauka. Ƙananan ma'aikatanmu da ke zaune a tagar karɓar koke sun sha baƙar magana a kan laifin da ba su san hawa ba balle sauka.

Da muka kira ofishinku, amsar farko da aka ba mu ita ce wayar ƙarƙashin teku ce ta samu matsala. Yallaɓai, mun san yadda wannan matsala take. A ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin WACS da MainOne da SAT-3 da ACE sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka tsaya, ƙasashe da dama suka rasa intanet. A lokacin ba mu rubuta muku wasiƙa ba, domin abu ne da ya fi ƙarfin kowa. Wannan karon kuwa intanet na aiki a sauran ofisoshin unguwarmu, kuma saƙon da ke tsakaninmu da kamfanin kuɗi bai da abin da zai kai shi teku, tunda dukkanmu a cikin Najeriya muke, ga kuma cibiyar musayar intanet ta IXPN a nan Legas da aka kafa domin irin wannan. Gaya wa ma'aikacin fasaha abin da ya san ba haka ba ne raini ne, kuma ya ɓata mana lokacin da ya kamata mu yi amfani da shi wajen neman ainihin ciwon. Mu da kanmu muka gano an canza adireshin.

Ana cikin haka kuma wani abu ya fito fili. Muna biyan kuɗin layi biyu, babba da na ko-ta-kwana, domin idan ɗaya ya yanke ɗayan ya ɗauka. Da masu aikin magudanar ruwa suka sare wayar faiba a bakin titi bayan wancan rikici, layukan biyu suka mutu lokaci guda. Ashe a rami ɗaya kuka binne su. A garin da kullum ake tonon titi, layi biyu a rami ɗaya layi ɗaya ne, kuma kuɗin biyu muke biya.

Ba mu taɓa musun cewa kuna cikin tsadar aiki ba. Mu ma muna ciki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, Naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024, riƙe ɗakin sabobi da sanyi dare da rana ya zama babban nauyi a kan kowace makaranta. Da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kun kawo naku ƙarin, jami'a ta biya. To amma sanar da abokin hulɗa cewa za a zo aiki ba ya cin dizal, ba ya buƙatar dala. Kuma alƙawarin da aka saba rubutawa a irin wannan yarjejeniya, cewa layi zai yi aiki kashi 99.5 cikin 100, ma'anarsa ɗaukewar da ba ta kai awa huɗu ba a wata guda. Ku duba littafinku ku ga ko kun tsaya a nan.

Akwai kuma maganar asusun shiga daga nesa da injiniyoyinku suka buɗe a kan na'urar suka tafi suka bar shi da kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta. Mun rufe shi da muka gani. Bayanan dubban ɗalibai ne ke bi ta wannan na'ura, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa jami'a alhakin sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka samu kutse mai haɗari. Muna buƙatar ku ba mu bayanin duk wanda ya shiga ta wannan asusu, da lokacin da ya shiga.

Abin da nake roƙo ba mai yawa ba ne. Ku rubuto mana rahoton gaskiya na abin da ya faru, da sa hannun babban jami'i, yadda za mu iya nuna wa hukumar makaranta da iyayen yara. Ku cire kuɗin kwanakin da layi bai yi aiki ba daga lissafinmu kamar yadda yarjejeniya ta tanada, ku kuma raba layin ko-ta-kwana da babban layi ta wata hanya dabam, ku nuna mana taswirar inda kowanne ya bi. Mafi muhimmanci, kada wani ma'aikacinku ya sake taɓa na'ura a harabarmu sai da sanarwa a rubuce da amincewar shugaban sashenmu. Mu ne muka san ranar da ɗaki ke cike da yara suna rubuta jarrabawa, agogo na tafiya a gaban kowannensu.

Lambobin ƙorafin da kuka ba mu suna nan a ajiye. Idan shiru ya ci gaba, zan shawarci hukumar makaranta ta miƙa su ga NCC da hukumar kare hakkin masu sayayya ta FCCPC, ko da yake na fi son a gama maganar tsakaninmu. Jarrabawar kwamfuta ta 'yan aji ɗaya na tafe, kuma zamanmu na Litinin mai zuwa a kanta za mu yi shi. Ku turo wanda yake da ikon yanke hukunci, ya zo da injiniyan da ya yi aikin, ƙarfe tara na safe.

Wassalam.

Naku,
Ma'aikaci a sashen fasahar sadarwa,
Legas.