Kafin a Narkar da Tsofaffin Libarba, a Kira Masana Tarihi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da wasu masu karatu za su ga bai dace da halin da ake ciki ba, wato tsofaffin bindigogin libarba na soja, da mutanen da suke tara su suna kuma harba su a Ingila da Amurka, da abin da ya shafe mu a cikin lamarin. Na san irin ɗanyen aikin da bindiga take yi a garuruwanmu da ƙauyukanmu, don haka tun da wuri nake faɗa cewa ba kira nake yi a sassauta dokar mallakar makami ba. Abin da nake nema shi ne, duk lokacin da hukuma za ta lalata makaman da aka ƙwace ko waɗanda suka tsufa a ma'ajiya, a sa wanda ya san tarihinsu ya duba tukuna, a ware 'yan ƙalilan da suka cancanta a kai su gidan tarihi.

Libarbar da ta fi shafar tarihinmu ita ce Webley, wadda ake ƙerawa a birnin Birmingham. Rundunar sojan Birtaniya ta karɓi samfurinta na farko a shekarar 1887, aka yi ta gyara shi har aka kai samfuri na huɗu a 1899, lokacin Yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, sannan samfuri na shida, wanda ya fi kowanne suna, ya fito a 1915 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Harsashi shida take ɗauka, mai faɗin .455 na inci, kuma nauyinta ya ɗan haura kilo ɗaya. Abin da ya bambanta ta da yawancin libarbar Amurka shi ne yadda ake buɗe ta: mutum ya danna wani ɗan maɓalli da babban yatsa, sai bindigar ta karye biyu ta sama, bututun ya sunkuya ƙasa, a lokaci guda kuma wani ƙarfe ya turo kwanson harsasan shida waje gaba ɗaya. Wanda aka yi wa wannan dabara shi ne hafsan da ke kan doki ko cikin rami, hannunsa ɗaya riƙe da linzami ko wani abu dabam. Akwai kuma zobe a gindin ƙotarta, inda ake ɗaura igiyar da hafsa yake ratayawa a wuya ko a kafaɗa don kada bindigar ta faɗi ta ɓace.

A 1932 Birtaniya ta koma kan wata libarba mai ƙaramin harsashi, .38, wadda masana'antar gwamnati ta Enfield take ƙerawa, bisa hujjar cewa sojan da bai sami isasshen horo ba ya fi iya saiti da bindigar da ba ta ja da baya da ƙarfi. Daga baya aka yanke ɗan kunnen da ake ɗana ta da shi, saboda yana maƙalewa a jikin kayan masu tuƙa tankar yaƙi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi Enfield ta kasa biyan bukata, sai aka sayi Webley mai harsashi .38, aka kuma shigo da ɗimbin Smith & Wesson daga Amurka, waɗanda da yawansu lambarsu ta fara da harafin V. Sauran ƙasashe ma kowacce da tata: Rasha ta riƙe Nagant ta 1895 mai harsashi bakwai, Faransa kuma tana da samfurin 1892, wadda tukunyar harsashinta take buɗewa ta dama, saɓanin yadda aka saba.

Wanda bai san masu tara irin waɗannan bindigogi ba zai zaci son harbi ne kawai yake jan su, amma mafi yawan aikinsu karatu ne da bin diddigi. Idan tsohuwar Webley ta zo hannun gwani a cikinsu, abin da zai fara dubawa shi ne lambobin da aka buga a jikin gangarta da bututunta da tukunyar harsashinta, ya ga ko duka ɗaya ne, domin a ma'ajiyar soja an sha haɗa sassan bindigogi biyu ko uku a tayar da guda. Sai ya nemi ɗan hatimin nan mai kama da kan kibiya wanda yake nuna kayan gwamnatin Birtaniya ne, da hatimin gwajin ƙarfi, da shekarar da aka karɓe ta, da kuma haruffan da wasu rundunoni suke bugawa a bayan ƙota. Daga waɗannan 'yan alamomi yana iya gane ko bindigar ta gwamnati ce ko kuwa hafsa ne ya saya da kuɗinsa, domin a wancan zamani hafsoshin Birtaniya su suke sayen bindigar hannunsu kamar yadda suke ɗinka kakinsu. Littattafan ciniki na babban kantin Army & Navy da ke Landan, inda hafsoshi da yawa suke sayayya, suna nan a ajiye a Jami'ar Glasgow, kuma ta hanyarsu ana iya gano sunan wanda ya fara sayen wata bindiga. A Amurka, masu riƙe da bindigogin kamfanonin Colt da Smith & Wesson suna biyan kuɗi a rubuto musu takarda daga tsofaffin littattafan kamfani mai nuna ranar da bindigar ta fita da inda aka aika ta. Wani abin da yake ba baƙo mamaki shi ne, bindigar da aka goge aka sake mata launi ta yi ƙyalli, darajarta faɗuwa take yi a wurinsu, saboda gogewar tana cinye hatiman da su ne shaidar tarihinta.

Harba su ma ba a yin sa da garaje. Akwai wani misali sananne a tsakaninsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an sayar da tarin Webley samfuri na shida zuwa Amurka, kuma da yake harsashin .455 yana da wuyar samu a can, sai 'yan kasuwa suka riƙa aske bayan tukunyar domin ta karɓi harsashin .45 na sojan Amurka, wanda yake ko'ina kuma da araha. Matsalar ita ce matsin wutar harsashin Amurkan yana kaiwa kimanin 21,000 a ma'aunin psi, alhali an ƙera Webley ne domin abin da bai wuce kimanin 13,000 ba. Wanda yake harba irin wannan bindiga da harsashin kanti yana ɗora mata nauyin da ba a yi ta dominsa ba a kowane jan kunama, har ranar da tukunyar za ta tsage ko makullin saman ya saki. Saboda haka masu lura suke neman wadda ba a aske ba, suke amfani da harsashi mai sauƙin ƙarfi, suke kuma kai ta wurin gwanin gyara ya tabbatar kowane rami na tukunyar yana tsayawa daidai da bakin bututu kafin harsashi ya tashi. Samfuran farko kuwa, waɗanda aka yi a zamanin baƙin albarushi, da yawa sun gwammace su bar su a akwati. Ni a ganina waɗannan askakkun bindigogi darasi ne a kan abin da yake faruwa idan kayan tarihi suka faɗa hannun wanda riba kawai yake nema.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Birtaniya ta bi da lamarin lokacin da ta tsananta dokarta. A watan Maris na 1996 wani mutum ya shiga makarantar firamare a garin Dunblane na Sikotilan da bindigogin hannu, ya kashe yara 16 da malamarsu. A 1997 majalisa ta haramta wa jama'a mallakar kusan dukkan bindigogin hannu, mutane suka miƙa nasu ga 'yan sanda. Duk da zafin da ake ciki, dokar ta ware sashe na 7 domin masu tarihi: wadda aka ƙera kafin 1919 kuma harsashinta ba ya samuwa da sauƙi, mai lasisi yana iya ajiye ta a cikin tarinsa ba tare da harsashi ba, wadda kuma take da muhimmanci na musamman ana ajiye ta ne a keɓaɓɓen wuri da hukuma ta amince da shi, kamar filin harbi na Bisley, can mai ita zai je ya harba ya bar ta a kulle. Ga kuma gidan tarihin makamai na Royal Armouries a birnin Leeds, inda masu bincike suke zuwa. Ƙasar da ta kwashe bindigogin hannu daga gidajen mutane ba ta yarda ta narkar da shaidar tarihinta tare da su ba.

To, mu ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne an rataya irin waɗannan bindigogi a ƙugu an shigo mana da su. Rundunar da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 a ƙarƙashin Kanar Morland, ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, ta kuma kai ga Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, sojojinta baƙar fata ne masu dogayen bindigogi, hafsoshinta kuwa Turawa ne, kuma libarba ita ce makamin hafsa. Ba ita ta ci yaƙin ba, wannan aikin bindiga mai ruwa ta Maxim ne da igwa, amma ita ce alamar wanda yake ba da umarni. A Satiru, kusa da Sakkwato, a watan Fabrairu na 1906, talakawa masu gatari da fartanya sun kashe Turawa uku da sojoji sama da ashirin kafin a dawo a rushe garin, abin da yake nuna cewa bindigar ƙugu ba ta hana mai ita faɗuwa. Bayan shekara kusan arba'in, dubban 'ya'yan wannan ƙasa suka tafi ƙasar Bama (Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, wasu kuma suka shiga cikin dakarun Chindit, wato runduna ta musamman mai kutsawa bayan sahun abokan gaba, kuma a wannan yaƙi Enfield da Webley masu harsashi .38 su ne bindigogin hannu na sojan Birtaniya. Sunayen barikin Chindit a Zariya da barikin Dalet a Kaduna daga can suka samo asali. Sai a ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950 'yan ƙasa irin su Zakariya Maimalari suka fara zama hafsoshi, suka cancanci ɗaura abin da a da Bature kaɗai yake ɗaurawa. Makamin da ya yi shekara sittin yana shigowa ƙasa tare da masu mulkinta, hankali ba zai ɗauka a ce ko guda bai rage ba a wata tsohuwar ma'ajiya, ko a gidan wani tsohon soja, ko a cikin tarin da ake ƙwacewa.

Dokarmu ta makamai ta 1959 ta sanya libarba da fistol a jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma ni ina goyon bayan a bar ta haka. Sha'awar tarawa da harbi a matsayin wasa ta masu zaman lafiya ce da rajista mai ƙarfi, mu kuwa ba mu kai nan ba. Wannan ne ma ya sa nauyin ya koma kan hukuma ita kaɗai, tunda doka ba ta ba ɗan ƙasa marar wannan lasisi damar ya tsamo irin wannan bindiga ya adana ba. Idan jami'in da yake lissafa makaman da za a yanka ya ga tsatsattsiyar libarba mai karyewa biyu, a wurinsa lamba ɗaya ce a cikin jeri, kuma ba laifinsa ba ne, domin ba aikinsa ba ne sanin hatimin kan kibiya ko haruffan runduna.

Shawarata ita ce Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai, wadda aka kafa a 2021, da rundunar soja da ta 'yan sanda su yi yarjejeniya da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta yadda kafin kowane aikin lalata makamai za a turo jami'i ɗaya ko biyu da aka horar su duba. Yawancin abin da za su gani AK-47 ne da ƙirar gida, waɗannan a yanka su babu jinkiri. Wadda aka ga ta girmi 'yancin kai, a ɗauki hotonta, a rubuta lambobinta da hatimanta da inda aka samo ta, domin inda aka samo abu rabin tarihinsa ne, kuma shi ne yake fara ɓacewa. Na san za a ce gidan tarihi ba shi da tsaron bariki, kuma abin da aka ajiye yau ana iya sace shi gobe. Wannan magana ce mai nauyi, amma tana da magani da aka sani: a toshe bututun da walda, a cire allurar da take bugun harsashi, a lalata cikin tukunyar ta yadda ba za ta sake karɓar harsashi ba, a bar fuskar waje da hatimanta yadda suke. Masu tarawa a Turai ba sa son a yi wa bindiga haka, suna ganin an nakasa ta, amma mu karatu muke so a yi da ita, kuma hatimi yana karantuwa ko bindiga ba ta tashi.

Wuraren ajiyewa ba su yi mana ƙaranci ba. Akwai Gidan Makama a Kano, wanda yake ba da labarin birnin har zuwa shigowar Turawa, akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai kuma gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Zai yi kyau a haɗa wannan da sanarwar afuwa ga iyalan tsofaffin sojoji, cewa duk wanda ya gaji irin wannan bindiga yana ɓoye da ita saboda tsoron doka, ya miƙa ta ba tare da an tuhume shi ba, a rubuta sunan mai ita na asali da rundunarsa a kan katin da za a ajiye kusa da ita, a kuma ba iyalin takardar shaidar karɓa.

Na gode da filin da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karatu,
daga Zariya.