Motsa jiki ba don sikeli kaɗai ake yin sa ba

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in tofa albarkacin bakina kan rahoton da kuka buga game da binciken masana lafiyar al'umma a kan ƙiba, cima da motsa jiki. Na ji daɗi da kuka fito da aikin jami'a zuwa inda kowa zai karanta. Abin da bai kwanta min a rai ba shi ne yadda aka dunƙule saƙon: mai ƙiba ya rage ci, ya tashi ya motsa jiki, shi ke nan. Kanun ya yi daɗin karatu, amma ya cakuɗa abubuwa biyu da masu wannan fanni suka shafe kusan shekara 70 suna ƙoƙarin rabawa: rage nauyi da kuma amfanin motsa jiki ga lafiya.

Ba na jayayya da girman matsalar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, wato fiye da mutum biliyan ɗaya, kuma tun daga 1990 abin ya ninka fiye da sau biyu a tsakanin manya, ya ninka sau huɗu a tsakanin matasa. To, a cikin shekara 30 da 'yan kai halittar ɗan Adam ba ta canza ba, kuma da wuya a ce kasala ce ta sauko wa duniya baki ɗaya a lokaci guda. Wani abu ne ya canza a kewaye da mutane.

Bari in fara da motsa jiki, domin nan ne aka fi yi wa bincike gurguwar fahimta. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya, Jerry Morris, ya wallafa a mujallar Lancet abin da ya gano a kan ma'aikatan bas-bas masu bene na birnin Landan. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗin fasinja. Mota ɗaya, hanya ɗaya, matsayin rayuwa kusan ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi kashe su. Ya ga irin haka a gidan waya, tsakanin masu yawon raba wasiƙu da masu zaman tebur. Sai masu suka suka ce ai wataƙila tun asali masu jiki ne ke zaɓar tuƙi. Morris bai yi fushi ba, ya je ya nemo awon wandunan kayan aikin da ake ɗinka wa ma'aikatan. Lallai ƙugun direbobi ya fi faɗi, amma girman jiki bai isa ya bayyana bambancin ba, kariyar da kwandasta ke samu tana da nasaba da zirga-zirgarsa. Wannan dabara ta awon wando tana burge ni har kullum, domin tana nuna yadda mai bincike na gaskiya ke karɓar suka.

Ga ɗaya ɓangaren kuma, wanda masu tallan wuraren atisaye ba sa son a faɗa. A 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa suka auna ƙarfin da jikin mutanen Hadza na Tanzaniya ke ƙonawa a rana. Mutane ne masu rayuwa da farauta da tsintar 'ya'yan itace, suna tafiyar kilomita da yawa kullum. Kowa ya zaci za a ga sun ninka mazauna birane. Da aka yi lissafi daidai da girman jiki, sai aka tarar abin da suke ƙonawa bai yi nisa da na mutanen Amurka da Turai ba. Har yanzu masana na muhawara kan iyakar wannan lamari, amma alamu sun nuna jiki yakan tsuke kashe ƙarfi ta wani gefen idan aka matsa masa ta wani, ga kuma yunwa da ke ƙaruwa bayan an yi gumi. Shi ya sa motsa jiki shi kaɗai ba kasafai yake zubar da kilo masu yawa ba.

Illar rashin faɗa wa mutane wannan a fili take. Mutum ya ɗaura ɗamara, ya yi wata uku yana tattaki da sassafe, ya hau sikeli ya ga allura ba ta gusa ba, sai gwiwarsa ta yi sanyi ya daina. Bai san hawan jininsa ya sauka ba, bai san jikinsa ya fi iya sarrafa suga ba, domin an ce masa sakamakon yana kan sikeli. An sa shi ya yar da abin da ke yi masa aiki saboda an ba shi ma'aunin da bai dace ba.

Akwai binciken da nake ganin ya cancanci a riƙa maimaita shi a kowane shafin lafiya. A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Wasu aka ba su maganin suga mai suna metformin, wasu aka taimaka musu su gyara ci, su yi motsa jiki na minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu. Cikin kusan shekara uku, maganin ya rage kamuwa da cutar da kashi 31 cikin 100, gyaran rayuwar kuwa da kashi 58. Kashi 7 ga mai kilo 100 kilo bakwai ne kacal. Ba wanda aka ce ya koma siriri. Kuma a lura, ba wa'azi aka yi musu aka sallame su ba, an haɗa su da masu bibiyarsu suna koya musu yadda za su yi.

Batun ci kuwa, "a rage" magana ce mai sauƙi a baki. A 2019 Kevin Hall na cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka ya ajiye mutum 20 a asibitin bincike na mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin da masana'antu suka sarrafa ƙwarai, mako biyu ana ba su wanda bai sha sarrafawa ba. An daidaita suga, mai, gishiri da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) a abin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 a rana, suna ci da sauri, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya lokacin suka rage kusan kilo ɗaya. Mutanen nan ba su canza hali ba, abin da ke cikin faranti ne ya canza. Mutum 20 ba su da yawa, na sani, amma gwaji ne da aka auna kowace loma, abin da ba a cika samu ba a wannan fanni.

Saboda irin wannan ne wasu ƙasashe suka daina dogaro da nasiha kaɗai. Meziko ta sa harajin peso ɗaya a kan kowace litar lemon da aka zuba wa suga a 2014, sayensa ya ragu. Birtaniya ta fara nata harajin a 2018, kamfanoni da yawa suka rage sugan da ke cikin kayansu don su kauce wa biya. Ko haraji zai rage ƙiba kanta, wannan sai an ƙara shekaru ana dubawa.

Ina kuma roƙon wakilanku su riƙa tambayar masu bincike yadda suka san abin da mutane suka ci. Yawancin nazarin cima a kan tambaya yake tsayawa: me ka ci jiya, sau nawa kake cin kaza a wata? A 1992 mujallar New England Journal of Medicine ta buga nazarin wasu masu ƙiba da ke cewa suna cin kaɗan amma ba sa ramewa. Da aka auna, sai aka ga abin da suka faɗa ya gaza abin da suka ci da kashi 47 cikin 100, motsin da suka ce sun yi kuma ya haura na gaskiya da kashi 51. Ba lallai ƙarya suke yi ba, ƙwaƙwalwa ce ba ta riƙe lissafin loma. A kuma tambayi wanda ya biya kuɗin aikin. A 2016 aka bankaɗo takardun da suka nuna masana'antar suga ta Amurka ta biya wasu masana na jami'ar Harvard a shekarun 1960 suka yi rubutun da ya sassauta wa suga, ya ɗora laifin ciwon zuciya a kan mai.

Idan za ku sake waiwayar batun, don Allah a daina buga hotunan tumbin mutane da ake cire kawunansu daga hoton, ba sa ƙara wa kowa sani sai kunyata masu fama. A maimakonsu a nuna wa mai karatu yadda zai auna ƙugunsa da tef ɗin tela ya kwatanta da tsawonsa, tunda hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2022 cewa kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. A kuma gayyato masanin da zai yi bayanin yadda za a raba minti 150 ɗin nan a kwanakin mako ga wanda aikinsa na zama ne.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai bibiyar shafin lafiya